Jean Mermoz, sojan da ya koma jigilar wasiƙu tsakanin Dakar da Birazil

Duk wanda ya taɓa zama a Dakar ya san unguwar Mermoz, wataƙila ma ya sha wucewa ta gaban makarantar Faransawa mai wannan suna. A Abijan akwai wata makarantar Jean-Mermoz a unguwar Cocody. Kullum ana kiran sunan a bakin tasha, amma kaɗan ne suka san mai shi. Wani Bafaranshe ne matuƙin jirgin sama, wanda ya ɓace a tekun Atlantika bayan ya tashi daga Dakar a 1936, saura kwana biyu ya cika shekara 35. Labarinsa zai yi wa wasu samarinmu amfani, musamman waɗanda ke mafarkin tuƙa jirgin fasinja amma gidansu babu kuɗin makarantar tuƙi, har suke tunanin shiga soja don gwamnati ta koya musu. Hanyar da Mermoz ya bi ke nan, sama da shekara ɗari da suka wuce, kuma ya ga daɗinta ya ga wuyarta.

An haife shi ranar 9 ga Disamba 1901 a Aubenton, wani ƙaramin gari a arewacin Faransa kusa da iyakar Beljiyam. Auren iyayensa ya mutu tun yana ƙarami, uwarsa Gabrielle ta koma gidan mahaifinta da shi, a ƙauyen Mainbressy. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, kakanninsa suka gudu da shi kudu zuwa Aurillac, ita kuwa uwar ta maƙale a yankin da Jamusawa suka mamaye. Ba su sake ganin juna ba sai 1917. Daga nan suka zauna a Paris, tana aikin jinya a asibiti, shi yana karatu a Lycée Voltaire. A 1919 ya zauna jarrabawar bakaloriya ya faɗi.

Saurayi ɗan shekara 18, babu takarda, babu uba mai tsaya masa, ga hidimar soja ta dole tana jiransa. Wani abokin gidansu ya ba shi shawara cewa tunda ko ya so ko ya ƙi sai ya sa kaki, gara ya kai kansa tun kafin a kira shi, ya zaɓi ɓangaren jiragen sama inda albashi ya ɗan fi tsoka. A 1920 ya sa hannu kan kwangilar shekara huɗu. Ba son jirgi ne ya kai shi ba, son ya zo daga baya.

Aka tura shi makarantar tuƙi ta Istres, a kudancin Faransa. Abin da ya tarar can ba shi ne abin da ake zana wa yara a takardun kiran shiga soja ba. Jiragen koyon ragowar yaƙi ne da suka gaji, ɗalibai na mutuwa a cikinsu akai-akai, kuma yawancin yini a ƙasa ake cinye shi wajen shara da aikin ƙarfi da tsawar kofur-kofur. Mermoz ya tsani zaman bariki tun daga lokacin, bai kuma taɓa daina tsanarsa ba. Sau biyu yana faɗuwa da jirgi a lokacin jarrabawar ƙarshe, a ɗaya har ya ji ciwo sosai. A karo na uku ya ci, ya karɓi takardar shaidar tuƙi ta soja a farkon 1921.

Don ya tsere wa bariki sai ya nemi a kai shi Siriya, wadda Faransa ta karɓe bayan rushewar daular Usmaniyya. Ya kamata a faɗa a fili cewa rundunar da ya shiga ta mamaya ce, an kai ta don ta danne mutanen da ba su gayyace ta ba. A can, musamman a sansanin Palmira da ke tsakiyar hamada, ya yi ta tashi da Breguet 14, jirgi mai fiffike biyu sama da ƙasa da inji ɗaya, yana leƙen hanya, yana kwaso marasa lafiya da waɗanda suka ji rauni. Wata rana injin ya kama da wuta, ya sauka dole cikin duwatsu. Shi da bakanikensa suka yi kwana huɗu suna tafiya a ƙasa, ƙishirwa ta kusa kashe su, sai sojojin raƙuma suka tsince su. A Siriya ya koyi abin da ya ciyar da shi daga baya: tashi cikin zafi da guguwar rairayi, saurarar inji da kunne, da sauka inda babu fili.

Ya komo Faransa a 1923, aka ajiye shi a Thionville. Can ya haɗu da wani matashin matuƙi, Henri Guillaumet, wanda ya zama amininsa har mutuwa. Da wa'adinsa ya cika a 1924 bai sabunta ba. Ya fito da awa kusan 600 na tashi a littafinsa, yana ganin kamfanoni za su yi rububinsa.

Ba wanda ya neme shi. Yaƙi ya bar wa Faransa dubban matuƙa, kamfanonin sufurin sama kuwa 'yan ƙalilan ne, su ma da tallafin gwamnati suke numfashi. Mermoz ya yi watanni a Paris yana rubuta takardun neman aiki, yana ƙananan ƙwadago irin su rubuta adireshi a bayan ambulan, wani lokaci abincinsa a gidan ciyar da mabukata, kwanansa inda dare ya yi masa. Masu ba da labarinsa kan yi saurin wuce wannan wuri don su kai ga jarumtaka, alhali a nan ne ake ganin iyakar abin da soja ke bai wa mutum. Ta koya masa tuƙi ba tare da ya biya ko kwabo ba, ya biya da shekara huɗu na ƙuruciyarsa da kasadar ransa. Ranar da ya tuɓe kaki, ba ta da wata kujera da ta ajiye masa a wani kamfani.

Amsa ɗaya ta zo daga Toulouse, daga kamfanin Pierre-Georges Latécoère, mai ɗaukar wasiƙu ta sama daga Faransa zuwa Maroko ta kan Sifaniya. A Oktoba 1924 Mermoz ya isa filin Montaudran. Shugaban ayyuka a wurin, Didier Daurat, shi ma tsohon matuƙin soja ne, mutum mai ƙarancin magana da tsananin horo. Dokarsa ita ce duk matuƙin da ya zo, komai lambobin yabonsa, sai ya fara daga gareji. Mermoz ya yi makonni yana wanke sassan inji, hannunsa cikin baƙin mai. Ranar da aka ba shi jirgi don gwaji, sai ya ga dama ta samu ta nuna gwaninta. Ya tashi ya yi ta juyi da wulƙawa a sama kamar yadda ake burge jama'a a filin soja, ya sauka yana jiran yabo. Daurat ya nuna masa cewa shi ba 'yan wasa yake nema ba, direbobi yake so masu kai kaya su dawo, kamar direban bas. Saura ƙiris a sallame shi. Aka sake ba shi dama, ya tashi a hankali, ya yi zagaye mai faɗi, ya sauka lami lafiya, aka ɗauke shi.

Wannan ƙaramin abu ya nuna bambancin aikin biyu. A soja ana yaba wa wanda ya iya kasada da jirgi. A kamfani, jirgin dukiya ce, buhun wasiƙa amana ce, kuma gwani shi ne wanda ya tashi kan lokaci ya isa kan lokaci, yau da gobe da jibi, ko da hazo ko da ruwa. Kusan duk abokan aikinsa daga soja suka fito. Guillaumet ya biyo shi, bisa shawararsa. Antoine de Saint-Exupéry, wanda daga baya ya yi suna a rubutu, shi ma a lokacin hidimar soja ya koyi tuƙi. Kowannensu sai da ya bi ta garejin Daurat aka sake masa tarbiyya.

A 1925 Mermoz na kan layin Sifaniya, tsakanin Toulouse da Barcelona da Alicante da Malaga. A 1926 aka mayar da shi layin Casablanca zuwa Dakar, wanda aka buɗe shekara guda kafin nan. Jirgi kan bi gaɓar teku yana yada zango a Agadir, Cap Juby da ake kira Tarfaya yanzu, Villa Cisneros wato Dakhla, Port-Étienne wato Nouadhibou, sai Saint-Louis, sai Dakar. Jiragen dai Breguet 14 ne na zamanin yaƙi, injinsu na mutuwa ba sallama. Saboda haka bibbiyu suke tashi a kan hamada, in ɗaya ya sauka dole ɗayan ya sauko ya kwashi mutane da wasiƙu. Sukan kuma ɗauki tafinta ɗan ƙasa, yana zaune cikin buhunan wasiƙa. Waɗannan tafintoci sun sha irin wuyar da matuƙan suka sha, sun ceci rayuka da bakinsu, amma ba a sa wa wata unguwa sunansu ba.

Makiyayan wannan yanki, waɗanda Faransawa ke kira Maures, ba su miƙa wuya ga Faransa ko Sifaniya ba a lokacin. A wurinsu jirgin da ke ratsa samaniyarsu na masu mamaya ne, kuma matuƙin da ya faɗo abin fansa ne. A Mayu 1926 injin Mermoz ya mutu, ya sauka cikin rairayi shi da tafintansa. Suka yi ta tafiya cikin guguwa har aka kama su. Ya sha duka da ƙishirwa kafin kamfani ya biya kuɗin fansa aka sake shi. Ya yi sa'a. A Nuwamba na shekarar, wasu abokan aikinsa uku, Gourp da Érable da Pintado, sun rasa rayukansu bayan irin wannan saukar dole.

A Oktoba 1927 shi da Élisée Négrin suka tashi daga Toulouse suka sauka a Saint-Louis ba tare da yada zango ko ɗaya ba. A shekarar ce wani attajiri, Marcel Bouilloux-Lafont, ya sayi layin, aka sa masa suna Aéropostale, aka kuma tura Mermoz Rio de Janeiro a matsayin babban matuƙi na Amurka ta Kudu. Matsalar can ta lissafi ce. Jirgin sama ya fi jirgin ruwa gudu, amma in yana kwana a ƙasa kowane dare, jirgin ruwan da ba ya barci sai ya cinye ratar. Mermoz ya ce a tashi da dare. A Afrilu 1928 ya fara yin haka tsakanin Rio da Buenos Aires, a zamanin da fitilar fili ba ta wuce wutar da aka hura a ƙasa ba.

Sai duwatsun Andes, da suka raba Ajantina da Cile. A Maris 1929 shi da bakanikensa Alexandre Collenot suna neman mashiga a cikin jirgi samfurin Laté 25, wanda ƙarfinsa bai kai ya haye ƙololuwar duwatsun ba. Mermoz ya hau iska mai tasowa ta ɗaga shi, sai wata iskar ta maka su a kan wani tudu mai tsayin mita kusan 4,000. Ƙafar jirgin ta lalace, sanyi ya farfasa bututun ruwan inji. Babu abinci, babu mai jin kiransu. Collenot ya yi kwana biyu da wani abu yana ɗaure-ɗaure da waya da tsumma da fatar rigarsu. Da suka gama, suka tura jirgin zuwa saman gangara, Mermoz ya sake shi ya gangaro, yana buga ƙasa yana tsallake ramuka har ya sami gudun da zai ɗauke shi. Suka sauka a Copiapó, inda aka riga aka fidda rai da su. A Yulin shekarar aka buɗe layin Buenos Aires zuwa Santiago da wani jirgin mai iya hawa sama sosai, Potez 25, Guillaumet ya riƙe shi.

Saura teku. Har lokacin, wasiƙar da ta zo Dakar ta sama sai a sauke ta a zuba a ƙaramin jirgin ruwa, ya yi kwana huɗu ko biyar kafin ya kai Natal a Birazil. Ranar 12 ga Mayu 1930 Mermoz ya tashi daga kogin Senegal a Saint-Louis da jirgi mai sauka a kan ruwa, Laté 28 mai inji ɗaya tak. Tare da shi akwai Jean Dabry mai duba hanya da Léopold Gimié mai rediyo, da wasiƙu kilo 130. Cikin dare suka shiga yankin hadari da ke tsakiyar teku, wanda matuƙan jiragen ruwa suka daɗe suna tsoro, ya sauko ƙasa ƙasa yana ratsawa tsakanin ginshiƙan ruwan sama. Bayan awa 21 da tafiyar kilomita sama da 3,000 suka sauka a Natal. Wannan ne karo na farko da wasiƙar kasuwanci ta haye kudancin Atlantika ta sama.

Dawowar ba ta yi kyau ba, kuma ba a cika ba da labarinta ba. Sau 52 yana ƙoƙarin ɗaga jirgin daga ruwa yana ƙi, saboda nauyin mai da rashin iska mai kyau. A karo na 53, cikin watan Yuli, ya tashi. Da suka yi nisa sai baƙin mai ya fara tsiyaya, dole ya sauka a teku kusa da wani jirgin ruwan kamfani mai suna Phocée. Aka kwashe mutane da wasiƙu, jirgin saman ya nutse.

Daga nan sunansa ya cika Faransa. Ya yi aure a 1930, kuma a shekarar wani sabon jirgi da yake gwadawa ya wargaje a sama, ya tsira da laima. Kamfanin Aéropostale kuwa ya faɗa rikicin kuɗi da na siyasa, ya durƙushe a 1931, aka haɗe ragowarsa cikin Air France da aka kafa a 1933. A Janairun 1933 Mermoz ya sake haye tekun da Arc-en-Ciel, jirgi mai inji uku da ke sauka a ƙasa, cikin awa 14 da rabi. Ra'ayinsa shi ne irin wannan jirgi mai gudu ya fi dacewa da layin, amma hukumomi suka fi karkata ga manyan jirage masu sauka a ruwa. A 1935 aka naɗa shi babban sufeto na Air France, muƙamin da zai iya zama a ofis da shi, amma ya ci gaba da tuƙi.

Ya kuma shiga siyasa. Ya zama ɗan ƙungiyar Croix-de-Feu ta Kanar de La Rocque, ƙungiyar 'yan kishin ƙasa masu ra'ayin riƙau wadda tsofaffin sojoji suka kafa. Da gwamnatin Léon Blum ta rushe ta a 1936, aka kafa jam'iyyar Parti social français, Mermoz ya zama mataimakin shugabanta. Har yau Faransawa na jayayya kan wannan ɓangare na rayuwarsa. Abin mamaki ne dai a ce mutumin da ya tsani bariki haka ya ƙare a ƙungiyar da ke tafiya da tsarin bariki.

A Fabrairu 1936 wani jirgin kamfanin mai sauka a ruwa ya ɓace kusa da gaɓar Birazil, Collenot na ciki, wato bakaniken da ya fitar da shi daga Andes. Mermoz ya sha kokawa kan ingancin kayan da ake ba su, bai ɓoye ba.

Da asubahin 7 ga Disamba 1936 ya tashi daga Dakar da Croix-du-Sud, jirgi samfurin Latécoère 300 mai inji huɗu, biyu gaba biyu baya. Hayewarsa ta 24 ke nan. Tare da shi akwai Alexandre Pichodou mataimakin matuƙi, Henri Ezan mai duba hanya, Edgar Cruveilher mai rediyo, da Jean Lavidalie bakanike. Ba su yi nisa ba farfelar injin baya na dama ta fara ba da matsala, ya juyo Dakar. Ya nemi a canza masa jirgi, babu wani a shirye. Aka yi gyaran gaggawa, wajen ƙarfe bakwai na safe suka sake tashi, don wasiƙa ba ta jira, dokar da Daurat ya dasa masa shekara 12 da suka wuce. Da ƙarfe 10:47 tashar rediyo ta Dakar ta karɓi gajeren saƙo cewa suna kashe injin baya na dama. Saƙon ya yanke a nan. Suna da nisan kilomita kusan 800 daga gaɓa.

Abin da masana suka fi zato shi ne farfelar ta ɓalle ta sare jikin jirgin, ya faɗa ruwa nan take. Guillaumet, wanda ke Dakar a ranar kuma shi ya raka su bakin ruwa, ya yi kwanaki yana shawagi a kan teku yana nema. Ba a ga ko ɓallin jirgin ba, ba a ga gawa ba. Littafin tashin Mermoz ya tsaya a awa 8,200, daga cikinsu 600 ne kawai na soja. Ranar 30 ga Disamba gwamnatin Faransa ta yi masa taron girmamawa shi da mutanensa huɗu a Invalides, a birnin Paris. Guillaumet ya ci gaba da haye tekun har 1940, lokacin da aka harbo jirginsa a kan Bahar Rum.